Kwandalar azurfa farashi biyu gare ta, ka san wanne kake biya

Duk wanda ya fara sha'awar tara tsofaffin kwandaloli ba ya daɗewa azurfa take ɗauke masa hankali, kuma ni ban ga laifinsa ba. Tana da nauyi a hannu, tana da wani irin amo mai daɗi in ta taɓa 'yar uwarta, sannan ko ba komai ƙarfen jikinta kansa kuɗi ne. Amma a nan ɗin ne kuma sabbin shiga suka fi tafka asara, abun yana damuna sosai, don yawancin asarar nan da ɗan ƙaramin ilimi da an kauce mata. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa da gumi, ya sayi abu da murna, bayan wata biyu ya kai wa dila a ce masa jabu ne, ko kuma a taya rabin abun da ya biya, daga nan sai ya tsani harkar gaba ɗaya ya ce ai duk 'yan damfara ne, alhali harka ce mai daɗi mai cike da tarihi.

Tushen maganar shi ne kowace kwandalar azurfa farashi biyu gare ta. Akwai kuɗin ƙarfen da ke jikinta, wato abun da za ta bayar da a ce narka ta za a yi. Wannan lissafi ne kawai, kowa zai iya yi a wayarsa, babu gardama a ciki. Sannan akwai abun da masu tarawa suke ɗorawa a kai saboda ƙarancinta, ko kyawun yanayinta, ko yawan masu nemanta. Shi wannan na biyun babu sikelin da yake auna shi, ilimi ne da ido da sanin kasuwa, kuma duk wata cuta da ake yi wa sabon shiga in ka duba za ka ga a cikinsa aka ɓoye ta. Shiyasa duk lokacin da aka miƙo maka kwandala aka faɗi farashi, kafin ka ce komai ka raba kuɗin gida biyu a ranka: nawa ne na ƙarfe, nawa ne na labari. In na labarin ya yi yawa kuma ba za ka iya tabbatar da labarin da kanka ba, toh ka ajiye ta.

Bari mu yi lissafin ƙarfen tukuna don shi ne ƙasan komai. Ana faɗin farashin azurfa a kasuwar duniya ne da dala a kan kowace oza, amma ozar da ake auna zinare da azurfa ba irin ta sauran kaya bace, ita giram 31.1 ce, waccan kuma 28.35, ka riƙe wannan da kyau. Abu uku kake buƙata, nauyin kwandalar, da kason azurfar da ke ciki, da farashin ranar. Ɗauki dalar Amurka da ake kira Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904 aka sake bugawa a 1921. Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin 100 azurfa ne sauran jan ƙarfe. Ka ninka 26.73 da 0.9 za ka samu giram 24 da ɗan ɗoriya, ka raba da 31.1 ya ba ka oza 0.77. A ce yau oza dala 30 take, kaga ƙarfen jikinta wajen dala 23 kenan. In aka ce maka 30 ko 35, ka san ɗorin kaɗan ne, ko ka yi kuskure ba za ka ji jiki sosai ba. In kuma aka ce 400, toh 377 duk na labari ne, sai ka tambayi kanka me ka sani game da wannan labarin.

Abu na gaba shi ne sanin shekaru, don ba duk farar kwandala bace azurfa, kuma ƙasashe sun yi ta rage azurfar kuɗinsu a hankali har suka cire ta baki ɗaya. A Amurka 'yan centi 10 da centi 25 da rabin dala na 1964 zuwa baya duk kashi 90 ne. Daga 1965 an cire azurfa a centi 10 da 25, rabin dala mai hoton Kennedy kuma ta koma kashi 40 har zuwa 1970. Akwai ma 'yan centi 5 na lokacin yaƙin duniya na biyu, daga ƙarshen 1942 zuwa 1945, da ke da kashi 35, ana gane su da babban harafi a saman ginin da ke bayansu. A Ingila har zuwa 1919 kashi 92.5 ne, daga 1920 zuwa 1946 ya koma kashi 50, daga 1947 kuma babu azurfa ko ɗigo, haɗin jan ƙarfe da nikel ne kawai duk da suna kama a ido. Kanada kashi 80 daga 1920 zuwa 1967, ban da wasu 'yan centi 10 da 25 na 1967 da suke kashi 50, sannan a 1968 an buga wasu da kashi 50 wasu da nikel zalla, shekara ɗaya hoto ɗaya, sai dai mayen ƙarfe ya raba maka su don na nikel ɗin yana mannewa. Kuɗin Indiya da ake kira rupee na zamanin Turawa kashi 91.7 ne har 1939, daga 1940 zuwa 1945 ya zama rabi. Ba sai ka haddace duka ba, amma duk ƙasar da za ka sayi kuɗinta ka fara neman wannan bayanin, yana nan kyauta a shafin intanet na masu tara kwandaloli mai suna Numista da nauyi da faɗi da komai, akwai shi kuma a cikin katalog ɗin Krause, littafin da ya jera kwandalolin duniya.

Sai kuma waɗanda gwamnatoci suke bugawa yanzu musamman don masu ajiyar azurfa, ba don kashewa a kasuwa ba. Amurka tana da Silver Eagle tun 1986, Kanada tana da Maple Leaf tun 1988, Ingila tana da Britannia tun 1997, Meziko tana da Libertad tun 1982, Ostiriya tana da Philharmonic ta azurfa tun 2008. Kusan duk oza ɗaya ne cif, azurfa zalla, lissafinsu ba wahala. Abun lura kawai, Britannia kafin 2013 kashi 95.8 ce, sannan Panda ta China daga 2016 ta koma giram 30, ba cikakkiyar oza bace, kar a lissafa maka ita a matsayin oza. Waɗannan suna da sauƙin saye da sayarwa don kowane dila ya san su, amma gaskiya ni a ganina wanda yake tara su kaɗai ajiyar ƙarfe yake yi, daɗin harkar yana wajen tsofaffin da suka zaga hannun mutane.

Toh yanzu mu zo kan farashi na biyu, inda ya kamata a daɗe. Kuskure mafi girma da sabon shiga yake zuwa da shi shi ne wai duk abun da ya tsufa yana da tsada. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, ƙaranci ne yake sawa, da kuma masu nema. Akwai dirhamin Abbasiyawa da dinarin azurfa na Rumawa da suka haura shekara dubu amma farashinsu bai kai na wata 'yar centi 10 ta ƙarni na ashirin ba, saboda an buga su da yawan gaske kuma har yau ana tono su. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne kwandalar Maria Theresa ta Ostiriya, babba mai hoton mace, giram 28 da kashi 83.3 na azurfa, wadda ta daɗe tana yawo a kasuwannin Habasha da Yaman da sauran ƙasashen Larabawa da Afirka. A jikinta an rubuta 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. Mutum yana gani sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Abun da bai sani ba shi ne tun daga lokacin duk wadda aka buga 1780 ɗin ake rubutawa, an buga ɗaruruwan miliyoyi a garuruwa irin su Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombay, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya yana fitar da sababbi da wannan shekarar. Azurfa ce ta gaskiya, tana da kyau, ta cancanci shiga tarinka, amma yawancinsu kuɗin ƙarfe ne da ɗan ɗori kaɗan, duk wanda ya ce maka ka biya kuɗin shekara ɗari biyu da wani abu, ko bai sani ba ko cutarka zai yi.

Ƙarancin kuma sau da yawa a wani ɗan mitsitsin harafi yake. Kowane gidan buga kuɗi yana da alamarsa. A dalar Morgan in ka juya bayanta ƙasan gaggafar za ka ga S na San Francisco, ko O na New Orleans, ko CC na Carson City, in babu komai Philadelphia ce. Ta 1893 mai S guda 100,000 kacal aka buga, shiyasa ko wadda ta sha jiki dubban daloli ce, alhali ta 1921 miliyoyi ne a ƙasa. Haka centi 10 da ake kira Mercury ta 1916 mai harafin D, guda 264,000 aka buga a Denver, ita ma tana da tsada sosai, ta Philadelphia ta wannan shekarar kuwa araha ce. Kaga kenan aikin maha'inci ya zo da sauƙi, ba sai ya ƙera sabuwar kwandala ba, ya samu ta gaskiya mai araha ya manna mata ɗan harafi, ko ya gyara lamba ɗaya a shekarar. Sikeli zai ce daidai, mayen ƙarfe zai ce daidai, don azurfar ta gaskiya ce, harafin ne ƙarya. Irin waɗannan shekarun masu tsada kar ka saye su tsirara, wato ba tare da kamfanin tantancewa ya duba ya rufe su ba, daga hannun kowa, ko da kuwa mutumin kirki ne, don shi ma wataƙila sayar masa aka yi bai gane ba.

Kuma ko ƙarancin ma ba abu bane da yake zaune daram. A 1918 Amurka ta yi dokar Pittman aka narka dalolin azurfa sama da miliyan 270, ba tare da an rubuta shekarun da aka narka ba, don haka adadin da aka buga bai gaya maka adadin da ya rage. Morgan ta 1903 mai O an daɗe ana ɗaukar ta cikin mafi wahalar samu, sai a ƙarshen 1962 baitulmalin Amurka ya buɗe ma'ajiyarsa aka tarar da buhu-buhunta sababbi fil, farashin ya faɗi warwas. Waɗanda suka saya da tsada kafin nan ba su yi laifin komai ba, kasuwar ce haka.

Yanayin kwandala shi ma babban babi ne. Ana amfani da ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70, 1 wadda ta side da ƙyar ake gane ta, 60 zuwa sama wadda ba ta taɓa zagawa hannun mutane ba, 70 kuma babu tabo ko da gilashin ƙara girma. Abun mamakin shi ne a saman nan maki ɗaya tal yana iya ninka farashi sau biyu ko fiye, tsakanin 64 da 65 misali, kuma idonka na sabon shiga ba zai ga bambancin ba wallahi, sai ka kalli ɗaruruwa kafin ido ya buɗe. Akwai kamfanoni da aikinsu kenan, su duba, su ba da maki, su rufe ta cikin roba mai tauri da lamba a jiki, manyansu PCGS da aka kafa 1986 da NGC a 1987, akwai kuma ANACS da ta girme su. In za ka sayi mai tsada ka sayi wadda ɗayan waɗannan ya rufe, sannan ka shiga shafinsu ka saka lambar, in akwai hoto ka gwada shi da abun da ke hannunka tabo da tabo, don yanzu har robar ma ana yin jabunta da lambar gaskiya da aka kwafo. Ka kuma yi hattara da kamfanonin da ba a sani ba masu raba 69 da 70 kamar kyauta, makinsu ba ya ƙara ko sisi a wajen dila. Amma fa kar ka ɗauki kwandalar dala 25 ka aika a yi mata maki, kuɗin aikin da na aikawa zai fi ta.

Ga roƙona guda ɗaya, in ma ka manta komai kar ka manta wannan: kar ka wanke kwandala. Na san zuciya ba ta so, ka ga ta yi baƙi-baƙi sai hannu ya riƙa ƙaiƙayi, a ɗauko makilin da buroshi, ko lemon tsami, ko man goge ƙarfe, a dirje ta har ta riƙa ƙyalli. A lokacin da aka buga kwandala, ƙarfin bugun yana barin wasu siraran layuka a fatarta da ido ba ya gani, su ne suke sa haske ya riƙa zagayawa a kanta in ka juya ta a ƙarƙashin fitila. Gogewa ɗaya ta share su, kuma ba sa dawowa har abada. Abun da zai rage wani ƙyalli ne mara rai da ƙananan karce-karce, wanda ya san harkar daga nesa zai gane, kamfanonin maki ma ba za su ba ta maki ba, sai dai su rubuta an wanke, farashi ya sauka rabi ko ƙasa da haka. Wannan duhun da kake gani haɗuwar azurfa ce da farar wuta da ke cikin iska, shekaru ne suka yi shi, masu tarawa suna son shi, wani lokacin ma in ya fito da launuka masu kyau ƙarin kuɗi ake biya. Haka in kai ne mai saye, tsohuwar kwandala da hotonta ya side amma tana walƙiya kamar sabuwa, ka san an taɓa ta.

Maganar jabu kuwa, kayan aikin da kake buƙata ba su da tsada, kuma kamata ya yi ka saye su kafin kwandalar farko. Ƙaramin sikeli na dijital mai nuna 0.01 na giram, da kalifa ta auna faɗi da kauri, da mayen ƙarfe mai ƙarfi irin na niyodimiyam, da gilashin ƙara girma mai ninki goma. Dalilin da yasa awo yake kama ɓarawo shi ne kowane ƙarfe da irin nauyinsa. Azurfa zalla giram 10.49 ce a kowane santimita kubik, jan ƙarfe 8.96, dalma 11.34. Wanda ya yi jabu da jan ƙarfe ya shafa mata ruwan azurfa, in ya daidaita girma nauyi zai gaza, in ya daidaita nauyi dole ta fi kauri ko faɗi, shiyasa ake auna ukun tare, nauyi da faɗi da kauri. Morgan giram 26.73 ce da faɗin milimita 38.1, wadda ta sha hannu za ta iya rasa ɗan kaɗan, amma in ka ga 24 ko 22 babu sauran magana. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, in ya manne shikenan ka gama. In bai manne ba kuma ba ka gama ba, karkata kwandalar ka ɗora shi a kai, a kan azurfa a hankali yake zamewa kamar ana riƙe shi, amma jan ƙarfe ma yana yin kusan haka, don haka wannan gwajin shi kaɗai bai isa hujja ba. Akwai na sauti, ka ɗora ta a kan yatsa ka ɗan taɓa gefenta da wani abu a hankali, ta gaskiya tana yin dogon amo siriri, ta jabu gajere ne ya mutu nan take. Akwai na ruwa da ya fi su duka a gida, ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili, ka ɗaure kwandalar da zare ka nutsa ta ba tare da ta taɓa ƙasa ko gefe ba, ka raba nauyinta na busasshe da lambar da ta fito, mai kashi 90 za ta ba ka wajen 10.3. Gwajin asid kuwa ka bar wa masu sayen tarkace, yana ɓata kwandala.

Bayan awo sai ido. Ka ajiye hoton ta gaskiya kusa, ka duba haruffa ko sun yi laushi kamar sun narke, ka duba fili ko akwai ƙananan ƙuraje ko ramuka, ka duba gefe ko akwai layin haɗi da ke nuna zuba ta aka yi a mazubi ba bugawa ba. Ka duba ma ko shekarar ta taɓa wanzuwa, don ana samun Morgan mai 1906 ko mai CC a shekarar da gidan Carson City bai buga ba. Sannan ka karanta rubutun talla da kyau. Abun da ake kira German silver ko nickel silver babu azurfa a cikinsa ko kaɗan, suna ne kawai. In ka ga plated ko clad ko 100 mills, shafe ne a sama. In ka ga COPY a jiki kwafi ne, dokar Amurka ta 1973 ce ta tilasta rubuta shi, amma masu jabun gaske ba sa rubutawa.

Ciniki kuma nasa ladabin daban. Na farko, ba a cinikin biri a sama, in a intanet ne sai ka ga hoton gaba da baya da gefe na ainihin wadda za a turo maka, mai haske, in da hali a kan sikeli. Wanda ya ƙi ƙara hoto ko ya ce sauri yake wani na jira, ka bar masa kayansa, wata za ta zo. Na biyu, babu mai sayar da azurfar gaskiya ƙasa da kuɗin ƙarfenta, don kowane dila zai karɓe ta a take kusa da wannan farashin, me zai sa ya neme ka ya yi maka rahusa? Duk tallan Facebook ko wani shafi da ke cewa oza goma a kuɗin uku, ko labarin kakana ya rasu ya bar akwati ban san darajarsu ba, jabu ne, kwaɗayi ne ƙugiyar da suke kama mutane da ita. Na uku, farashin da aka rubuta a talla ba shi bane farashin kasuwa, kowa na iya rubuta miliyan a kan kwandalar banza. A eBay ka tace ka ga waɗanda aka riga aka sayar, ko ka duba tsofaffin sakamakon gwanjo a shafin gidan gwanjon Heritage, nan ne za ka ga abun da mutane suka cire daga aljihu da gaske. In gwanjo za ka shiga ka tuna manyan gidajen suna ɗora wa mai saye wajen kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin da ya taya, ga kuɗin aikawa, ga haraji ko kwastan gwargwadon ƙasar da kake, a Ingila misali azurfa tana ɗaukar harajin VAT na kashi 20 alhali zinaren ajiya ba ya ɗauka. Ka rubuta iyakarka a takarda kafin a fara, don zafin gwanjo yana sa mutum ya manta lissafi. Wajen biya ka bi hanyar da ke da kariya, a PayPal in ka tura ta ɓangaren 'yan uwa da abokai babu mai dawo maka da kuɗi in kaya bai zo ba, kuma shi mai neman ka tura ta nan ya san haka. Ka tambayi ƙa'idar mayar da kaya, ka karɓi rasit. In musaya za ku yi da wani mai tarawa ta hanyar aike, ku fara da ƙaramin abu, mai sabon suna shi yake fara turawa, kuma a yi da lambar bin sawu.

Tambayar da nake so ka saba yi wa dila ita ce, in na dawo maka da ita gobe nawa za ka saya? Amsar tana nuna maka tazarar da ke tsakanin saye da sayarwa, kuma wannan tazarar ita ce asarar da ka yi tun ranar farko. A Silver Eagle ko tsofaffin kashi 90 tazarar ba ta da yawa. A kwandalolin talla masu fenti, ko masu ruwan zinare, ko masu akwati da satifiket da ake bugawa da sunan ƙananan tsibirai irin su Niue da Tuvalu ana cewa adadi kaɗan ne, tazarar tana da ban tsoro, ka saya ninki uku na ƙarfe a taya maka kuɗin ƙarfe. In kana son su don kyau ba laifi, amma ka saya da sanin haka. Shi ma dila kar ka ɗauke shi maƙiyi don ya taya ƙasa, da wannan tazarar yake biyan haya, dila nagari da ya ga kana son koyo zai nuna maka abubuwan da ba za ka samu a littafi ba.

Shi kansa farashin ƙarfen ba tsayayye bane, azurfa ta fi zinare tashi da faɗuwa. A Janairun 1980, lokacin da 'yan gidan Hunt na Texas suka yi ta saye suna tarawa, oza ta kai kusan dala 50, ranar 27 ga Maris na shekarar ta sauko ƙasa da 11. A Afrilun 2011 ta sake kusantar 50, zuwa ƙarshen 2015 tana ƙasa da 14. Wanda ya shiga a saman 1980 sai da ya jira shekara talatin kafin ya sake ganin farashinsa. Don haka kar ka ci bashi ka sayi azurfa, kar ka sa kuɗin da za ka buƙata nan da wata shida, kuma lokacin da kowa yake maganarta a ko'ina shi ne lokacin da ya kamata ka rage gudu, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan.

Ajiya ba ta da wahala. A gefe ake riƙe kwandala da yatsu biyu, a saman wani abu mai laushi, don zanen yatsa yana zama tabo na dindindin. Ka guji ledar nan mai laushi ta PVC, da daɗewa tana fitar da wani koren danƙo mai cin ƙarfe, ka nemi kafsul mai tauri ko leda ta Mylar. Ka nisanta su da robar ɗaure kuɗi da jarida da danshi, ka jefa 'yar jakar silika a akwatin, kar kuma ka zuba su wuri ɗaya suna gogar juna. Sannan ba kowa ake nuna wa tari ba, in za ka sa hoto a intanet kar a ga inda kake zaune.

In ka tambaye ni ta ina za ka fara, sai in ce ka zaɓi fanni ɗaya ƙarami, ƙasa ɗaya ko zamani ɗaya ko nau'i ɗaya, misali sulallan Ingila na Sarki George na biyar, ko centi 10 na Mercury ban da ta 1916 ɗin nan, ka sayi na gama-gari da farashinsu yake kusa da ƙarfe, ka auna kowacce ko da ka yarda da mai sayarwa, don hannunka da kunnenka su saba da ta gaskiya. Ka buɗe littafi ko fayil, kowace kwandala ka rubuta ƙasa, shekara, harafin gidan bugawa, nauyin da ka auna, kason azurfa, ranar saye, wajen wa, nawa ka biya, da farashin oza a ranar. Ka haɗa da hoton gaba da baya da rasit, kuma ka tabbata akwai mutum ɗaya amintacce a iyalinka da ya san inda littafin yake da waɗanda suka fi kuɗin ƙarfe a cikin tarin, don kar wata rana a kwashe su duka a kai wa mai narkawa a kan sikeli.